Daga Tela zuwa Schneider: Yadda sana'a ke rikiɗa ta zama sunan iyali

Duk wanda ya shiga kasuwar Paiko ranar Juma'a, ya ratsa ta tsakanin tulin doya da rumfunan 'yan koli, zai lura cewa ba kasafai ake neman mutum da cikakken sunansa na yanka ba. Ana cewa a kai saƙo wurin Audu Tela, ko a tambayi Garba Maƙeri, ko a jira Sarkin Pawa ya iso. A garin, wanda shi ne hedikwatar Ƙaramar Hukumar Paikoro a kan hanyar Minna zuwa Suleja, Gbagyi da Hausawa da Fulani da Nufawa na cuɗanya da juna, kuma Hausa ce harshen ciniki. A irin wannan wuri da Audu ya yi yawa, sana'a ce ke raba wannan Audu da wancan.

Shekaru aru-aru irin wannan laƙabi yana rayuwa ne a baki kawai, ya mutu tare da mai shi. Yanzu kuwa ya fara shiga rajistar makaranta da takardun banki da lambar shaidar ɗan ƙasa, inda yake zama sunan 'ya'ya da jikoki waɗanda ba su taɓa riƙe almakashi ko guduma ba. Wannan sauyi ya riga ya faru a ƙasar Jamus da kuma tsakanin Yahudawan Turai, kuma tarihin sunan Schneider na nuna yadda al'amarin ke gudana da abin da yake haifarwa.

Asalin sunan Schneider

Schneider, wanda ake furtawa kamar Shinaida, kalmar Jamusanci ce da ke nufin tela. Ta samo asali daga aikatau mai ma'anar yankawa, wato mai yanka yadi. Shi ne suna na uku mafi yawa a Jamus, bayan Müller, mai injin niƙa, da Schmidt, maƙeri. A jerin sunaye goma da suka fi yawa a ƙasar, kusan dukkansu daga sana'a ko muƙami suka fito: Fischer masunci ne, Weber masaƙi, Becker mai gasa burodi, Wagner mai ƙera keken doki, Schulz kuwa mai gari ne da ke karɓar haraji a madadin ubangidansa.

Jamusawa ba su da sunan iyali tun fil'azal. Al'adar ta fara bayyana ne a wajen ƙarni na 12 a manyan birane irin su Kolon, lokacin da jama'a suka ƙaru, sunayen baftisma kuma suka zama 'yan kaɗan da kowa ke maimaitawa. Magatakardan birni da masu tattara haraji suna buƙatar bambanta mutane, sai suka riƙa ƙara sana'ar mutum a gaban sunansa. Da yake ɗa kan gaji shagon ubansa, laƙabin ya riƙa bin gida, har ya kai ga ana kiran jika da shi ko da ya bar sana'ar. Daga birane al'adar ta gangara ƙauyuka a cikin ƙarnonin da suka biyo baya. Da aka kafa ofisoshin rajistar haihuwa da aure da mutuwa na gwamnati a faɗin daular Jamus daga 1876, sai rubutun kowane suna ya tsaya cak yadda aka same shi.

Wannan ne dalilin da ya sa Helmut Schmidt, wanda ya shugabanci gwamnatin Jamus ta Yamma daga 1974 zuwa 1982, yake ɗauke da sunan maƙeri, ɗan tseren mota Michael Schumacher yake amsa sunan mai ɗinkin takalmi, Olaf Scholz kuma sunansa wani salo ne na Schulz, wato Maigari. Hijira ta kai sunayen ƙasashen waje, inda suka sake kama: a Amurka da yawa daga masu suna Schneider sun koma Snyder, sunan Shugaba Eisenhower kuma ya samo asali ne daga kalmar Jamusanci mai nufin mai sarar ƙarfe.

Yadda sunan ya shiga gidajen Yahudawa

Hanyar da sunan ya bi zuwa gidajen Yahudawan tsakiya da gabashin Turai ta bambanta. Har zuwa ƙarshen ƙarni na 18, akasarinsu suna amfani ne da sunan mutum da na mahaifinsa, a haɗa su da kalmar ben, daidai da bin a Larabci ko ɗan a Hausa. Sunan yana sauyawa daga tsara zuwa tsara, kamar yadda ake yi a ƙasar Hausa har gobe.

Hukumomi ne suka kawo ƙarshen wannan tsari. A 1787 Sarki Joseph na Biyu na daular Ostiriya ya ba da umarnin kowane gidan Bayahude ya ɗauki tsayayyen sunan iyali. Rasha ta kafa irin wannan doka a 1804, Faransa a ƙarƙashin Napoleon ta bi sahu a 1808, sai masarautar Furusiya a 1812. Manufar ita ce sauƙaƙa ƙidaya da karɓar haraji da ɗaukar soja. Da aka tsayar da mutane a gaban magatakarda, wasu sun ba da sunan garinsu, wasu na mahaifi, da yawa kuma suka ba da sana'arsu.

Teloli sun yi yawa a cikin Yahudawa saboda dalilai biyu. Na farko, a wurare da dama an hana su mallakar gona da shiga ƙungiyoyin masu sana'a na Kiristoci, sai suka taru a 'yan sana'o'in da aka bar musu. Na biyu, Attaura ta hana sa tufar da aka haɗa ulu da lilin a cikinta, don haka al'ummar na buƙatar telanta da ya san hukuncin. Da yake harshensu na yau da kullum, Yidish, ɗan'uwan Jamusanci ne, kalmar tela a bakinsu kusan ɗaya take da ta maƙwabtansu. Ta haka Schneider ya zama sunan Kirista da na Bayahude, ba tare da wata dangantaka ta jini ba. Haka abin yake ga Kaufmann, ɗan kasuwa, da Goldschmidt, maƙerin zinariya. Sunan shi kaɗai ba ya bayyana addinin mai shi ko asalinsa. Abin da yake tabbatarwa kawai shi ne, a ranar da aka rubuta shi, akwai tela a gidan.

Yadda Hausa ke gina sunan sana'a

Harshen Hausa yana da hanyoyi da dama na raɗa wa mai sana'a suna. Mafi tsufa ita ce ɗafa ma- a farkon kalma: maƙeri, masaƙi, marini, majemi, magini, mahauci, masunci, maharbi. Akwai mai ba-, kamar baduku, wanda jam'insa dukawa ne. Akwai mai ɗan, kamar ɗan koli da ɗan tireda. Akwai kuma mai, wadda ta fi kowace haihuwar sunaye: Maigoro, Maishanu, Maiturare, Maidoki, Maikanti.

Cuɗanya da Larabawa ta kawo alƙali da liman da ladan da dillali. Zamanin Turawa ya kawo nasa: tela, kafinta, direba, makanike, birkila, masinja, kuku. Abin lura shi ne, kalmar tela baƙuwa ce daga Ingilishi, ta shigo tare da keken ɗinki, amma ta fi tsohuwar kalmar maɗinki samun shiga a matsayin laƙabi. Maɗinki ya tsaya ga mai aikin allura da hannu, kamar masu aikin babbar riga, tela kuma ya zama na mai keke a bakin kasuwa.

Sama da waɗannan akwai sarautun sana'a. A tsarin masarautu kowace babbar sana'a na da shugabanta da sarki ke naɗawa: Sarkin Maƙera, Sarkin Pawa, Sarkin Aska, Sarkin Magina, Sarkin Dillalai, Sarkin Ruwa, Sarkin Noma. Su ne ke sasanta rigimar 'yan sana'a, su tara harajinsu, su kuma tattara su idan fada na da aiki.

Sana'a ta fi barin suna a ƙasa

A ƙasar Hausa sunan sana'a ya fi kama unguwa da gari fiye da yadda ya kama iyali. A birnin Kano akwai Dukawa da Soron Ɗinki da Takalmawa. A Sakkwato akwai Marina da Maƙera Assada. A Kaduna akwai Maƙera, a Minna ma akwai mazaɓa mai wannan suna a Ƙaramar Hukumar Chanchaga. Misali mafi fitowa fili a Jihar Neja shi ne Sarkin Pawa, hedikwatar Ƙaramar Hukumar Munya, garin da ke amsa sunan sarautar mahauta ɗungurungum.

Dalilin haka shi ne, Bahaushe bai saba da tsayayyen sunan iyali ba. Yaro na samun sunan yanka ranar bakwai, sannan laƙabi ya biyo baya: na ranar haihuwa kamar Ɗanjuma da Ladi da Talatu, ko na yanayin haihuwa kamar Tanko da Gambo, ko na alkunya da iyaye da kakanni ke sakaya suna da shi. Idan ana son ƙarin bayani sai a ambaci uba ko gida ko unguwa. Gidan maƙera sananne ne a gari, ba ya buƙatar a rubuta shi a jikin sunan kowane yaro.

Da makarantun boko suka zo da rajista mai neman suna biyu, abin da ya fi shiga gurbi na biyu shi ne sunan uba ko na gari. Ɗaliban Kwalejin Katsina da aka buɗe a 1922, da na makarantun midil na larduna, sun fito ne daga garuruwa dabam-dabam, sai aka riƙa bambanta su da inda suka fito. Daga wannan al'ada aka samu Abubakar Tafawa Ɓalewa da Aminu Kano da Shehu Shagari da Isa Kaita. Haka ya faru ga Ladi Kwali, 'yar ƙabilar Gbagyi wadda hotonta ke jikin takardar Naira 20. Ta shiga cibiyar koyar da ginin tukwane ta Abuja, wato Suleja ta yanzu, a 1954, ta yi suna a duniya da sana'ar, ta rasu a Minna a 1984, amma ranar haihuwarta da garinta ne suka zama sunanta.

Labarinta ya kuma fito da wani giɓi. Sana'o'in mata ba sa zama sunan iyali, domin suna ta wajen uba yake gangarowa. Matan Tatiko da ke kusa da Paiko sun shahara da ginin tukwane, amma sana'ar tasu sunan garin ta ɗaukaka, ba ta shiga sunan 'ya'yansu ba. Haka abin yake ga mai kitso da mai fura da mai ƙuli-ƙuli, waɗanda ake kiransu da sana'arsu tsawon rayuwa.

Me ya sa wani suna ke yawa, wani ya yi ƙaranci?

Yawan suna ba ya bin yawan masu sana'ar. A Jamus ta da, manoma sun fi kowa yawa, amma sunan Bauer, manomi, yana bayan Müller da Schmidt da Schneider. A ƙauyen da kowa ke noma, kiran mutum manomi ba ya bambanta shi da kowa. Mai niƙa da maƙeri da tela kuwa ɗaya ne ko biyu a kowane ƙauye, kuma babu ƙauyen da ba ya buƙatarsu. Sunan da ke yaɗuwa shi ne na sana'ar da ake samu ko'ina, amma masu yin ta 'yan kaɗan ne a kowane wuri. Shi ya sa maƙeri ya bar suna a harsuna da dama: Smith a Ingila da Amurka, inda ya fi kowane suna yawa, Kowalski a Polan, Ferrari a Italiya, Haddad a ƙasashen Larabawa.

Ƙa'idar tana aiki a yankin Paiko. Inda kusan kowane gida ke da gonar doya, ba a kiran kowa Manomi, sai dai wanda ya yi fice har aka naɗa shi Sarkin Noma. Amma maƙerin da ke ƙera garma da fartanya ga dukkan manoman nan, kowa ya san shi da sana'arsa.

Abu na biyu shi ne daraja. Masanin halayyar al'umma M. G. Smith, wanda ya yi bincike a ƙasar Zazzau a 1949 da 1950, wanda kuma shi kansa sunan maƙeri yake ɗauke da shi, ya bayyana yadda Hausawa ke bambanta sana'ar gado da ta shigege, da yadda suke jera sana'o'i hawa-hawa. Masu sarauta da malamai da manyan fatake na sama, wasu sana'o'i kamar fawa da kiɗa da roƙo kuma aka ajiye su ƙasa, har abin ya shafi neman aure. Wannan jeri ya bar alamarsa a cikin sunayen da ake gani yau. Sunayen muƙami da na malanta sun shiga takardu cikin sauƙi: Alƙali, Liman, Ladan, Waziri, Galadima, Ciroma, Ma'aji, Maigari, Madugu. Ana ganinsu a sunayen sanannun mutane kamar Adamu Ciroma, da marubuciya Zaynab Alkali, da Aminu Maigari da ya shugabanci hukumar ƙwallon ƙafa ta ƙasa. Mahauci da Maroƙi da Majemi kuwa ba kasafai ake ganinsu a rajista ba, duk da cewa babu garin da zai rayu ba tare da su ba.

Jamus ma ta san irin wannan wariya. A tsakiyar zamani akwai yankunan da ake ɗaukar masu niƙa da masu saƙar lilin a matsayin masu sana'ar da ba ta da mutunci, har ana hana 'ya'yansu shiga wasu ƙungiyoyin sana'a. Duk da haka Müller ne sunan da ya fi kowane yawa a ƙasar a yau, kuma babu mai tuna wancan ƙyama idan ya ji shi. Da suna ya rabu da sana'ar, darajar da aka ɗora masa ko aka hana shi takan bi iska.

Zamanin da takarda ke ƙulle suna

Abin da dokokin 1787 da 1812 suka yi a Turai, da abin da dokar sunayen iyali ta 1934 ta yi a Turkiyya, shi ne rumbunan bayanai na kwamfuta ke yi a Najeriya a hankali, ba tare da wata doka da ta tilasta ɗaukar sunan iyali ba. Shirin ilimin firamare kyauta na 1976 ya kai rajistar makaranta ƙauyuka. An kafa Hukumar Shaidar Ɗan Ƙasa, NIMC, da dokar 2007. Babban Bankin Najeriya ya ƙaddamar da lambar BVN a 2014. A watan Disamban 2020 gwamnati ta umarci a haɗa layukan waya da lambar NIN, daga 2021 kuma hukumar JAMB ta wajabta lambar ga masu neman rubuta jarrabawarta. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan na da gurbin sunan iyali, kuma yana sa ran abin da aka rubuta a wuri ɗaya ya yi daidai da na sauran.

A nan ne tsarin gargajiya ke karo da na'ura. A ɗauki misalin yaro mai suna Musa, ɗan wani Abdullahi da gari ya sani da Audu Tela. Malamin firamare na iya rubuta shi Musa Audu. A sakandare ya koma Musa Tela, domin akwai wani Musa Audu a ajin. Da ya je banki sai ya ba da Musa Abdullahi Paiko. A idon mutanen garinsu dukkan sunayen uku gaskiya ne, kuma mutum ɗaya suke nufi. A wurin kwamfuta kuwa mutum uku ne. Irin wannan saɓani na iya tsayar da shiga jami'a, ko fitar da fasfo na aikin Hajji, ko biyan fansho, ko cire kuɗin mamaci daga banki domin rabon gado. Gyara shi yakan buƙaci takardar rantsuwa daga kotu, a wasu lokuta da sanarwa a jarida, ga kuɗi da zirga-zirga zuwa Minna ko Abuja.

Rubutu ma na ƙara dagula lissafi. Yawancin na'urorin rajista ba su da haruffa masu lanƙwasa, don haka Maƙeri ya koma Makeri, Alƙali ya zama Alkali. Wani ya rubuta Pawa, wani Fawa; wani ya raba Mai Goro, wani ya haɗe shi. Ta irin wannan hanya ce Schmidt da Schmitt da Schmid da Schmitz suka zama sunaye dabam-dabam a Jamus, alhali duk maƙeri ɗaya suke nufi: kowane ya tsaya ne yadda magatakardan yankinsa ya rubuta shi.

Abin da ke hannun iyalai

Bambancin da ke tsakanin Paiko ta yau da ƙauyen Ostiriya na 1787 shi ne, a nan har yanzu zaɓi na hannun iyali. Babu jami'in da ke tilasta wa kowa wani suna. Amma abin da aka rubuta wa yaro a takardar haihuwa ta Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa, da abin da aka shigar ranar da aka kai shi aji ɗaya, shi ne zai bi shi, watakila ya bi 'ya'yansa. Gidan da ya zauna ya tsayar da suna guda, da jerinsa da rubutunsa, ya kuma yi amfani da shi a kowace takarda ga dukkan 'ya'yansa, ya rage wa kansa wahalar da wasu ke sha a bakin kotu.

Ga gidan da ya zaɓi sunan sana'a, akwai wata riba ta dabam. Sunan uba yana ɓacewa bayan tsara ɗaya ko biyu, sunan gari kuma dubban mutane ne ke tarayya a cikinsa. Sunan sana'a kuwa yana adana labarin aikin da gidan ya rayu a kansa. Sana'o'i irin su jima da rini da saƙar hannu suna ja da baya a gaban kayan masana'anta, kuma a wasu garuruwa sunan unguwa ne kawai ya rage yana tuna su. Idan jikan Audu Tela ya zama likita ko alƙali yana amsa sunan Tela, zai kasance cikin hali ɗaya da ɗimbin masu suna Schneider da ba su taɓa zare allura ba: sunan zai ci gaba da shaida cewa kakansa ya ciyar da iyalinsa da keken ɗinki a kasuwar Paiko.